Sawun Tato a Cikin Yashi

"Ba zan kulle shi a gida kamar akuya ba, Demiyan."

"Wa ya ce ki kulle shi? Cewa na yi ki roƙi maƙwabciyarku ta zauna da shi. Yini ɗaya ne fa."

"Wancan karon da ta zauna da shi cewa ya yi ɓarauniya ce, ya kore ta da tsintsiya."

Demiyan ya ajiye kankanar da ke hannunsa a bayan mota, ya juyo yana share gumi. A tsakar gidanmu muke tsaye, ƙarƙashin rumfar inabi, muna magana ƙasa-ƙasa saboda mahaifiyarsa, Raisa Pavlivna, tana zaune a gaban motar tana fifita da jarida. Ranar ce zuwanta na farko gidanmu daga Kherson.

"Uliya," ya ce, muryarsa ta yi laushi, "yau so nake Mama ta gan ki ke. Ke kaɗai, ba ke da ɗawainiya ba."

"Ni da ɗawainiyar ai abu guda ne. Gara ta gani tun yanzu."

Na san abin da ke cin ransa. An ba shi aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Gdansk, can Poland, har da ɗakin ma'aurata. So yake a ɗaura mana aure kafin sanyi ya shigo, mu tafi tare. Game da mahaifina kuwa, Demiyan ya ce akwai gidan kula da tsofaffi a Kherson, ya je ya gani da idonsa, ga tsafta, ga lambu. Tun ranar da ya furta wannan magana muke a haka, yau mu shirya gobe mu ɓata.

Tato, kamar yadda nake kiran mahaifina, ya fito daga ɗaki sanye da tsohuwar rigarsa ta ma'aikatan daji, ya saka maɓallan a karkace. Na ƙarasa na gyara masa. Tun rasuwar mahaifiyata ƙwaƙwalwarsa ta fara yoyo. Da makulli aka fara, sai sunayen maƙwabta, har ta kai wani lokaci ya tsaya a tsakar gida ya rasa inda ƙofa take. Ni kaɗai ce bai taɓa mantawa ba, kuma da wannan nake rarrashin kaina.

"Ina za mu, Uliyana?"

"Yashi za mu, Tato. Baƙuwa za mu nuna wa."

Fuskarsa ta washe. "To me muke jira? Rana ba ta jiran malalata."

Demiyan ya buɗe masa ƙofa ba tare da ya dube ni ba.

A bakin gandun daji muka bar motarmu muka shiga tsohuwar jif ta Lukiyan, ma'aikacin da ke kai baƙi cikin Yashin Oleshki. A hannun Tato ya koyi aiki, yanzu shi ma kansa ya yi furfura. Da ya ga Tato sai da ya cire hularsa.

Muna shiga dajin sosna, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, wanda ya kewaye yashin, sai Tato ya zama wani mutum daban. Ya miƙe zaune sosai, yana nuna layukan itatuwa ta taga.

"Wannan layin, ni da Melaniya muka dasa shi, kafin ma in aure ta. Ni ina haƙa, ita tana sa dashe, tana yi mini tsiya wai ramina ya karkace. Da ba mu dasa ba, da tuni yashi ya haɗiye ƙauyenmu har da cocinsa."

"To ramin ya karkace ɗin?" in ji Raisa Pavlivna.

"Da gangan nake karkata shi, yarinya. In ya miƙe me za ta ce mini?"

Ta yi dariya har da dafa ƙirji. "Yarinya kuma? Makar Semenovich, ashe kai ma ba ka da dama."

Na saci kallon Demiyan, shi ma ni yake kallo. Ya miƙo hannu ta bayan kujera ya riƙe yatsuna. A raina na ce, Allah Ka bar mana yau a haka.

Daga nan itatuwa suka fara raguwa, suka gajarce, sai kawai suka ƙare. Yashi fari fat ya shimfiɗu gabanmu, tudu bayan tudu, har inda ido ya gaji. Na girma ina ganinsa, amma duk lokacin da na zo sai na ji na ƙanƙance.

Lukiyan ya tsayar da jif a gindin wani tudu. "Kada kowa ya cire takalmi, nan da anjima yashin nan zai iya gasa ƙwai. Kada kuma a kauce daga inda na taka. Da can sojoji ke gwajin bama-bamai a nan, ba na rantsuwa a kan abin da ke ƙasa."

Muka hau tudun. Raisa Pavlivna tana haki, ta kama hannuna. Da muka kai sama ta tsaya tana kallo.

"Tun haihuwata ina Kherson," ta ce, "ban taɓa sanin muna da irin wannan a bayan gida ba." Sai ta waiwaya. "Demiyan, kula da Makar Semenovich. Zan ɗan taka da Uliyana."

Na bi ta muka gangara ɗaya gefen tudun, inda ba sa jin mu.

"Kina da kyau," ta ce, "kina da hankali, na ga yadda kika gyara masa riga. Ba ni da abin da zan kushe. Shi ya sa zan yi miki magana ba kwana-kwana."

"Ina jin ki, Raisa Pavlivna."

"Ba za ki bi shi Poland ba, ko?"

Na sunkuyar da kai. "Ba zan iya barin Tato ba."

"Na sani. Shi ma ɗana ya sani, ya ƙi yarda ne kawai. Abin da zai faru kuma na sani. Zai ajiye aikin nan saboda ke, ya tare a ƙauyenku yana gyaran famfon masu gonar kankana. Shekarar farko zai yi da murmushi. Ta biyu zai yi shiru. Ta uku ba zai iya haɗa ido da ke ba, ke ma haka."

"Ban ce ya ajiye ba..."

"Ba sai kin ce ba. Wannan ciwon ba ya warkewa, 'yata, kuma ba ya sauri. In kina son sa, ki sake shi tun yana ganin ki da haske."

Hawaye suka cika mini ido. Na so in ji haushinta, amma babu mugunta a fuskarta, gajiya ce kawai. Na buɗe baki ke nan zan yi magana, sai muka ji Demiyan daga can sama yana kiran sunan Tato. Kira na biyu ya fi na farko ƙarfi.

Ban san yadda na hau tudun ba. Na tarar da Demiyan tsaye da waya a hannu, fuskarsa ba jini.

"Ina yake?"

"Yanzun nan yana zaune a nan. Lukiyan ya sauka ɗauko ruwa, sai mutanen Gdansk suka kira ni. Nan babu sabis sosai, na ɗan matsa can..."

"Ka ɗan matsa."

"Uliya, ban daɗe ba, na rantse."

Na juya ko'ina. Babu komai sai yashi da rana. Sawun ƙafa ya gangara ta gabas, amma iska ta taso tana shafe shi a gaban idona.

"Abu ɗaya aka ce ka yi," na ce. "Abu ɗaya. Ko da yake ai ta kwana gidan sauƙi, ko? In yashi ya cinye shi ba sai an nemi gidan tsofaffi ba."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya sa wayar a aljihu, ya karɓi gorar ruwa daga hannun Lukiyan, ya gangara bin sawun.

Lukiyan ya yi magana da abokan aikinsa ta rediyo, ya ce suna tafe amma da nisa. Ya zaunar da Raisa Pavlivna a inuwar jif, ya ce shi zai zagaya ta arewa, ni in bi Demiyan, kada in yarda ya ɓace mini.

Tafiya a yashi ba tafiya ba ce, ka taka gaba ya mayar da kai baya. Rana ta take, zafi yana ratso takalmina. Ina kiran Tato har maƙogwarona ya bushe, muryar ba ta zuwa ko'ina, kamar yashin ne ke shanye ta. Kowane tudu muka hau sai in ce a bayan wannan yake, mu leƙa, babu kowa.

Demiyan yana gabana, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Can na ga ya tsaya ya sunkuya. Da na iso, takalmin Tato ne a hannunsa, ƙafa ɗaya. Ɗayan yana ɗan gaba, yashi ya fara rufe shi. Tato ya saba, in yashi ya shiga takalminsa sai ya cire ya yar.

Na durƙusa a kan yashin. Zafin da ya taɓa gwiwata ya sa na zabura, sai na tuna shi ba takalmi yake tafe a kai. Kuka ya ƙwace mini.

Demiyan ya ɗago ni da hannu ɗaya. "Ba yanzu ba. In mun same shi ki yi kukan, ki zage ni yadda kike so. Yanzu ki yi tunani. In shi ne a zamanin da yake aiki, ina zai nufa?"

Na share fuska. "Ruwa... Kullum cewa yake dashe ba ya kamawa sai inda ƙasa ke da laima. Akwai wani ɗan tafki a cikin kwari, yakan kai ni ina ƙarama. Akwai 'yan itatuwa a bakinsa."

"Ta ina?"

Na nuna, ban ma tabbata ba. Ya ajiye takalmin a hannuna ya ruga.

A can muka same shi. Tafkin ya kusa ƙafewa, sai taɓo da dogayen ciyayi. Tato yana durƙushe nesa kaɗan da bakin ruwan, a kan yashi mai zafi, yana haƙa rami da hannuwansa. Ya kakkarya busassun rassa ya jera su a layi, kowane a cikin raminsa. Leɓɓansa sun tsage, tafin ƙafarsa ya yi jajir ya tashi.

"Tato." Na ruga na rungume shi. "Tato, ka tashi mu tafi."

Ya ture ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba, na faɗi zaune. Ya ɗauki reshe ya ɗaga.

"Ke wace ce? Wa ya ba ki izinin shiga gonar dashe? Kin taka mini layi."

"Ni ce, Tato... Uliyana ce."

"Uliyana tana gida wurin uwarta, ko yaye ta ba a yi ba. Matsa, kafin in kira miki hukuma."

Na dube shi, ya dube ni. Babu ni a cikin idanunsa ko kaɗan. Abin da na daɗe ina tsoro ke nan, ya zo ya same ni a tsakiyar yashi, zaune a ƙasa da takalminsa a hannuna. Ko kukan ma ya ƙi fita.

Demiyan ya matso a hankali, ya tsaya ƙiƙam kamar ma'aikaci gaban shugabansa.

"Makar Semenovich, barka da aiki. Daga ofis aka turo ni. An ce a tashi haka, rana ta yi yawa, dashen zai ƙone."

Tato ya sauke reshen kaɗan. "Kai sabo ne?"

"Sabo ne, yau na fara."

"Shi ya sa. Dubi yadda ka tsaya a kan layi kamar gunki." Ya ƙare masa kallo. "Ka kawo ruwa?"

"Ga shi. Amma doka ta ce shugaba ya fara sha, sannan dashe."

Tato ya yi ƙwafa, ya karɓa ya sha, ya sha, ruwan yana zuba a haɓarsa. Sauran ya bi rassan nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu. Demiyan bai hana shi ba.

Muka yi ƙoƙarin sa masa takalminsa, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Demiyan ya cire nasa, waɗanda suka fi girma, ya sa masa.

"Kai fa?" na ce. "Sa nasa mana."

"Ba za su shige ni ba."

Tato ya yi taku biyu ya durƙushe. Demiyan ya juya masa baya ya tsuguna. "Hau, shugaba. Motar ofis ta lalace, yau ni ne motar."

Haka ya goya shi, daga shi sai safa. Na cire gyalen wuyana na yaga biyu na ɗaure masa a ƙafa, bai jima ba ya kwance ya bi yashi. Ina ganin yadda yake cije leɓe a kowane taku, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Tato kuwa yana bisa bayansa yana koya masa yadda ake haƙa rami.

"Demiyan," na ce, ina bin sa a gefe, "abin da na faɗa ɗazu..."

"Kin faɗa, na ji."

"Ba haka nake nufi ba."

"A lokacin haka kike nufi." Ya tsaya ya gyara goyon. "Kuma ni na bar shi. Bari in kai shi tukuna, Uliya, numfashina ba zai ishi magana ba."

A kan tudu na uku Lukiyan ya hango mu, ya kawo jif iya inda za ta iya zuwa.

A inuwar dajin sosna muka tsaya jiran motar asibiti. Na kawo ruwa zan wanke wa Tato ƙafa, ya janye, yana kallona da zargi. Sai Raisa Pavlivna ta karɓi gorar daga hannuna.

"Kada ki zo masa ta gaba. Zauna a gefensa, ki dubi abin da yake duba."

Ta zauna a ƙasa da kyakkyawan siket ɗinta, kafaɗa da kafaɗa da shi, ta jiƙa hankicinta. Ta fara tambayarsa labarin Melaniya, yana ba ta, tana goge masa fuska da wuya, ta gangara har ƙafa, bai ko lura ba. Ta fasa kankanar da muka taho da ita ta riƙa ba shi ƙanana-ƙanana. Hannunta ya san aikin.

Da ya fara gyangyaɗi ta ɗago ta dube ni.

"Mahaifin Demiyan," ta ce. "Shekaru na yi ina wannan. Demiyan yana makarantar jiragen ruwa, na hana a gaya masa rabin abin da ake ciki. A ƙarshe mijina yana kirana da sunan wata nas da ban taɓa gani ba."

Demiyan yana zaune jikin tayar jif, ƙafafunsa cikin rigar Lukiyan da aka jiƙa. Ya ɗago kai. "Mama..."

"Yi shiru, ba da kai nake ba." Ta matse hankicin. "Abin da na gaya miki a kan tudu ban janye ba, Uliyana. Wuya ce, kuma gaba ta fi baya. Amma ina zaune a nan ina jiran ku, na yi ta tunani. Ba wankin ba ne ya karya ni, ba rashin barcin ba. Babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce je ki huta, ni zan zauna. Shi ne kawai."

Ta kore wa Tato ƙuda.

"Wancan ɗakin da na gani kusa da rumfar inabi, akwai mai kwana a ciki?"

"Babu... ɗakin ɗinkin Mama ne."

"Yana da murhun ɗumi?"

"Yana da shi."

"To. Ni a Kherson bango huɗu nake kallo." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma za ka tafi aikinka. Ba na son jin wata magana. Ka riƙa zuwa duk hutun da ka samu, ko a ƙafa ne. In kun iya da nisan, ku yi aurenku. In ba ku iya ba, ku faɗa yanzu."

Na rarrafa na je gaban Demiyan. Na buɗe rigar na ga ƙafafunsa, sai a lokacin kukan ya zo mini gaba ɗaya.

"Ba haka na so mana ba, rabin raina," ya ce. "Na so in dawo daga aiki in same ki a gida."

"Na sani."

"Zan ƙi jinin wayar nan. Zan ƙi jinin hanyar."

"Ni ma."

"Amma ba zan sake ce miki gidan tsofaffi ba." Ya share mini hawaye da babban yatsansa. "Kina iya jira?"

"Kai kana iya dawowa?"

"Da waɗannan ƙafafun? Sai dai ki goya ni."

Na yi dariya cikin kuka, na kifa kaina a gwiwarsa.

A watan Oktoba aka ɗaura auren, bayan an gama kwashe kankana. Tun ranar yashi Tato bai sake kiran sunana ba. Yana barina in yi masa wanka, in ba shi abinci, yana ce mini na gode, baiwar Allah. Raisa Pavlivna, wadda yanzu nake kira Mama, ita yake yi wa hira. Demiyan kuwa har yau "sabon yaro" ne.

Kafin mu tafi coci, aka zaunar da iyaye a tsakar gida don sa albarka. Mama ta zauna kusa da Tato, ta ɗora masa burodin biki a kan tawul mai ado, ta tallafa masa hannu. Muka durƙusa gabansu. Jakar Demiyan tana ɗaki a ɗaure, jibi zai kama hanya.

Mama ta yi mana addu'a, ta taɓa kafaɗar Tato. "Makar Semenovich, saura kai."

Ya daɗe yana kallona cikin farar riga. Na riƙe numfashi, ina roƙon Allah, sau ɗaya kawai.

"Amarya ce?" ya tambayi Mama.

"Amarya ce."

"Ina mahaifinta? Bai zo ba?"

Na ji hannun Demiyan ya matse nawa.

"Bai samu zuwa ba," na ce, da ƙyar. "Ya yi nisa. Ko za ka tsaya mini a madadinsa?"

Tato ya gyara zama, ya miƙe wuya. Ya ɗora tafinsa mai kaushi a kaina.

"Ban san shi ba, 'yata," ya ce, "amma na ga aikinsa. Duk inda yake, kada ki riƙe shi a rai. Da yana da iko, da ya zo."

Na kama hannun na sumbace shi, hawayena suna zuba a kai.

"Ban riƙe shi ba," na ce. "Ko kaɗan."